Toho a Kan Kututture

Shekara talatin da ɗaya Ungozoma ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti, kuma ko da ta ajiye aiki sunan bai sauka daga kanta ba. Yaran da ta yanke wa cibiya sun girma sun haifi nasu, in sun biyo ta ƙofar gidanta sai su rage tsawo su ce, "Ungozoma, ina kwana." Mace ce mai saurin hannu da saurin baki, wadda ba ta saba a gyara mata aiki ba. To, ita ce yau a kujerar gaba ta motar haya, da jakar leda a kan cinya, za ta garin lemo neman magani. Majinyacin kuwa itace ne.

Lemon marigayi maigidanta ne. Mai gyaran agogo ne shi, mutumin da zai wuni da kai bai yi magana goma ba. Shekara ashirin da biyu ke nan da ya je garin nan ya sayo dashen, ya rungumo shi a mota kamar jariri, ya dasa a kusurwar tsakar gida, jikin katanga. Lemon ya zo da zaƙin da ba a samun irinsa a kasuwa, ɓawonsa siriri kamar takarda, 'ya'yan cikinsa ba su wuce biyu ko uku ba. Duk shekara na farkon da ya nuna ita yake fere wa da 'yar wuƙarsa, ya miƙa mata, ya koma kan agogonsa. Iyakar kalaman soyayyarsa ke nan, ita kuma ba ta taɓa neman ƙari ba.

Bayan rasuwarsa ta ɗauki itacen kamar amana. Ba za a ce ta yi sakaci ba. Da wani sabon reshe ya taso daga gindi, kore shar, mai ƙarfi, ta ji daɗi. Da ta ga tsohon jikin ya fara rawaya yana zubar da ganye, sabon kuma ya zarce shi tsawo, ba ta tsaya jira ba, ta ɗauko zarto da kanta ta yanke tsohon, ta bar kututture tsawon taƙi biyu. A asibiti haka aka koya mata: abin da ya lalace a raba shi da mai lafiya. Sannan ta riƙe wata ɗabi'a ta marigayin. Kullum da safe takan gan shi ya tsuguna gindin itacen yana murje ƙananan toho da babban yatsa. Ita ma sai ta ɗauka. Kututturen ya yi ta fitar da toho, ita kuma ta yi ta murjewa, ba fashi, fiye da shekara. In ta tsuguna a wurin ji take kamar suna tare.

Bana itacen ya yi 'ya'ya, karo na farko tun bayan yankan. Manya, masu kaurin ɓawo da kuraje. Ta fere ɗaya ta kai baki, sai da idonta ya kawo ruwa. Tsami ne irin mai kashe haƙori.

Maƙwabta suka ce itacen maraici yake yi. Ungozoma ta ce ita ba ta san wannan cutar a littafi ba. Babban ɗanta, wanda yake zaune a gidan da matarsa da yara uku, ya ce, "Mama, ni ban ƙi itacen Baba ba. Amma ƙaya ce kawai da tsami. Sau biyu ƙayarsa tana shiga ƙafar yaran nan. Ƙarshen wata zan kawo leburori su tumɓuke shi."

"Ka ba ni mako guda," in ji ta. "Inda ya fito, can maganinsa yake."

Ranar tafiya ta tsuguna kamar kullum, ta ga wani ɗan toho a bayan kututturen, ta wajen katanga, bai fito yadda yatsa zai kama shi ba. Kwana biyu tohon ya yi wuya, wata guda ba ta ga ko ɗaya ba sai wannan. Ta kira surukarta. Shekara tara yarinyar nan a gidan, amma har yau Amarya ake ce mata, in ba ta kusa kuma Ungozoma takan kira ta Na-Manta. Mai kirki ce, ba ta da ƙyashi, sai dai za ta ɗora tukunya ta tafi shanya, za ta kulle ƙofa ta bar makulli a jiki.

"Kin gan shi? Gobe da safe zai fito. Ki murje shi. Me na ce?"

"In murje shi, Mama."

"Yaushe?"

"Gobe da safe."

"To. Kada in dawo ki ce min komai."

Tafiyar wuni guda ce. Tun ana ganin fili har daji ya rufe hanya, ƙasa ta koma ja, iska ta yi nauyi da danshi, gumi ya riƙa bin bayan mutum ko yana zaune. Garin ya fara da hanci kafin ido. Wani ƙamshi ne mai haɗe da wari, na sabon lemo da na wanda ya ruɓe a bakin kwalta. Can sai ga tsibi-tsibi a gefen hanya, wasu sun kai ƙugun mutum, manyan motoci sun ja layi ana loda musu da kwanduna. Duk lemon kore ne.

"Ɗanye suke tsinkewa?" Ungozoma ta tambayi direba. "Wace irin haɗama ce wannan?"

Direba ya yi dariya har yana dukan sitiyari. "Inna, baƙuwa ce ke. A nan ba a sanyi, shi ya sa ba ya canza riga. Haka yake nuna da korensa."

Ya tsaya ya miƙa hannu ta taga, wata mata ta cika masa da guda uku. Ungozoma ta sha ɗaya. Da zaƙi, babu shakka. Ba ta ce masa ya yi gaskiya ba, ta dai shanye ta goge baki.

Ta kwana a wani masauki bayan tasha, ɗaki mai gado ɗaya da fanka mai kuka. Da gari ya waye ta shiga shagon farko da ta ga an jera kwalaben feshi da buhunan taki. Mai shagon bai ma bari ta gama kwance ledar ba, ya sauko da kwalba uku, ya ce wannan na ganye ne, wannan na saiwa, wannan kuma yana sa zaƙi. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, ka ga majinyacin?"

"Ai duk ciwon lemo ɗaya ne, Inna."

"Mai ba da magani bai duba ba, a wurinmu korar sa ake yi," ta ce, ta ƙulle ledarta ta fita.

A bakin wani tsibi ta iske mata huɗu zaune a kan kwanduna suna tantancewa. Ba sa ko kallon abin da suke yi. Hannu ya ɗauka, ya auna, ya jefa: babba dama, matsakaici hagu, mai tabo baya. Suna yi suna hirar wani mai mota da ya auri ƙanwar wani. Ungozoma ta gaishe su ta fito da lemonta guda. Babbarsu ta karɓa, ta juya shi sau ɗaya, ta dubi 'yan uwanta. Ɗaya ta buɗe baki za ta yi magana, babbar ta taka mata ƙafa.

"Yaya, wannan ba maganarmu ba ce," in ji ta. "Ki je wurin Mai Reno. Ki hau babur ki ce gidan dashe na bayan gada, kowa ya sani."

Ungozoma ta san wannan kallon. Ita ma ta sha yin sa a bakin gado, in abu ya fi ƙarfin a faɗa a gaban mutane. Ta hau babur ɗin.

Hanyar ta ratsa gonaki, layi bayan layi, maza a kan tsani da buhu rataye a kafaɗa, ƙudan zuma suna ta kai-kawo a kan lemon da ya fashe a ƙasa. Bayan gada aka sauke ta gaban wata doguwar rumfa. A ƙarƙashinta ƙananan itatuwa ne a baƙaƙen ledoji, dubbai, a jere kamar 'yan makaranta, kowanne kaurinsa bai wuce fensir ba. Wani dattijo siriri yana zaune a kan ɗan benci a tsakiyarsu, da guntayen leda a baki, da wuƙa ƙarama a hannu. Shi ne Mai Reno.

Bai ɗago ba, ita ma ba ta katse shi ba, don ta san mutumin da ke tsakiyar aiki. Ta tsaya tana kallo. Ya tsaga ɓawon ɗan itacen a tsaye, ya ƙara tsagawa a kwance, ya buɗe shi kamar bakin aljihu. Ya ɗauko wani tsinke daga cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya feɗo ɗan ƙullin da toho ke fitowa daga ciki, wanda su suke kira ido, ya zura a aljihun, ya naɗe da leda, ya ja ƙulli. Duka bai kai numfashi biyar ba. A ranta ta ce, wannan da a asibiti yake da an ji sunansa.

Suka gaisa. Ta faɗi daga inda take da aikin da ta yi, ta zazzage ledar a gabansa: lemo uku, ganye, guntun reshe, har da ƙasar gindin a ƙulle daban. Ya duba yadda ta jera su ya yi murmushi.

"Lallai ma'aikaciyar asibiti ce."

Ya yanka lemo ɗaya gida biyu, ya shinshina, ya ƙirga 'ya'yan cikin da bakin wuƙa har ya gaji ya bari. Ya murza ganyen ya kai hanci. Ya taɓa ƙayar. Ƙasar ko kwance ta bai yi ba.

"Ungozoma, itacen nan lafiyarsa lau."

"Malam, ɗanɗana ka ji."

"Ba sai na ɗanɗana ba. Shekara arba'in ina shuka shi. Ga shi nan, ga shi nan, duk waɗannan da kike gani shi ne."

Ya jawo wani dashe da ya ɗan girma ya ajiye tsakaninsu, ya nuna mata wani ɗan kumburi a jikinsa, taƙi guda daga ƙasa, inda itacen ya ɗan karkace kamar gwiwa.

"Duk lemon zaƙin da ke garin nan itace biyu ne a jiki ɗaya. Mai zaƙi rago ne, saiwarsa ba ta jure ciwo da ruwa. Mai tsami kuwa ko a kan dutse zai rayu. Sai mu shuka mai tsami, mu ɗauko idon mai zaƙi mu aura masa, kamar yadda kika ga na yi. Daga gwiwar nan zuwa sama zaƙi, daga nan zuwa ƙasa tsami. Amma gindin ba ya mantawa da kansa. Kullum yana neman ya fitar da nasa reshen, in kuwa aka bar shi, shi zai shanye abincin, na sama ya rame ya yi rawaya. Shi ya sa duk tohon da ya fito ƙasa da gwiwa ake murje shi tun yana ƙarami."

Ungozoma ta ƙura wa kumburin ido. Tana ganin kusurwar gidanta kamar a gabanta take. Ga kumburin, ta san shi, ta sha zuba ruwa a kansa. Ga dogon reshen mai ƙaya, ya fito daga can ƙasa, dab da turɓaya. Ga kututturen a sama. Ga kuma marigayin a tsugune, hannunsa can ƙasa, har bayan yatsunsa na gogar ƙasa. Ita kuwa ko sau ɗaya hannunta bai taɓa yin datti ba.

"Tsohon jikin yana nan?" Mai Reno ya tambaya.

"Na yanke."

"Wa ya yanke miki?"

"Ni. Da hannuna."

"A ina? Sama da gwiwa ko ƙasa?"

"Sama. Taƙi biyu."

"To da sauƙi! Ai zai yi toho. Bai yi ba?"

"Ya yi," in ji ta. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, ba irin tata ba. "Ya yi ta yi. Ni kuma ina murjewa. Kullum da safe."

Mai Reno ya cire ledar da ke bakinsa ya ajiye a kan gwiwa.

Kunya ce ta fara kama ta, sannan baƙin ciki ya biyo baya, shi ne kuma ya fi nauyi. Ba ciwo ba ne, ba maraici ba ne, ba kuma sakacin kowa ba. Ita ce. Safiya sama da ɗari huɗu itacen mijinta yana ƙoƙarin dawowa, tana tsugunawa da bismillah tana kashe shi, tana tashi da jin ta cika amana. Ta dubi babban yatsanta na dama, wanda ya riƙe almakashi shekara talatin da ɗaya bai taɓa yanka inda ba daidai ba.

"Shi mai itacen bai taɓa gaya miki ba?"

"Ni ce ban taɓa tambaya ba." Can ta ce, "Sau ɗaya na tsokane shi, na ce ko allurar agogo ce ta faɗi yake nema. Ya ce, 'Ina hana na ƙasa hawa sama ne.' Na ɗauka irin maganganunsa ne."

Dattijon bai yi mata wa'azi ba, bai kuma ce mata "ba komai" ba, ta ji daɗin hakan. Ya ce abin da za a iya yi shi ne a sake aura wa gindin wani ido. Yana da iri biyar, duk masu zaƙi. Ya ce ta bayyana masa na gidansu ya ji ko yana ciki. Ta bayyana: ɓawo kamar takarda, 'ya'ya biyu ko uku, in an fere shi ruwan yana bin hannu tun kafin a kai baki.

Ya ɗago ya dube ta sosai, karo na farko.

"Ɗan madaidaici, gindinsa a ɗan baje?"

"Shi ne."

"Kai." Ya girgiza kai. "Wannan mun bar shi tuntuni. Masu motoci ba sa so, ba ya jure tafiya, kafin a kai birni rabi ya fashe. Manoma suka sassare suka sa mai kaurin ɓawo. Uwar da muke ɗibar idonta tana can bakin rafi, ambaliya ta tafi da ita. Rabona da ganinsa ya fi shekara goma. Yaushe rabon da kututturen ya yi toho?"

"Ya yi wata guda bai yi ba. Sai jiya na ga wani ɗan..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙe tsaye da saurin da gwiwoyinta suka manta da shi, tana laluben waya a jaka. Rana ta riga ta ɗaga, hantsi ya dubi ludayi. Ta ce, "Na bar sallahu a cire shi yau da safe."

"Kututturen da ya gaji haka," in ji Mai Reno, "wannan zai iya zama na ƙarshe. Nan babu sabis ɗin waya. Hau tudun can, wajen tankin ruwa."

Ta hau, tana haki, jar laka tana kama mata takalmi. A hanya tana lissafi. Shekara tara tana roƙon Allah ya shiryi yarinyar nan ta riƙa tuna abin da aka ce mata, ta kuma sa ta maimaita har sau biyu. Wayar ta yi ta ringi ta katse. Ta sake kira. A na uku aka ɗauka.

"Mama, ina kwana, kin sauka laf..."

"Amarya, tohon nan. Kin cire?"

"Na cire, Mama. Tun da safe."

Ungozoma ta jingina da ƙarfen tankin. Shi ke nan, ta faru ta ƙare. Ta buɗe baki za ta ce to, ta ajiye wayar, sai kunnenta ya tsaya a kan amsar. Ta zo da sauri da yawa. Mata nawa ne suka zauna gabanta suka ce, "Na sha maganin, wallahi kullum ina sha," da irin wannan muryar, kwalbar kuwa tana gida a cike? Sannan ga wani abu kuma: ƙarar silifas a kan siminti, fat, fat, fat. Ƙarar ƙofar kicin. Ƙarar famfon tsakar gida da ke ɗiga, tana ƙara matsowa. Yarinyar tafiya take yi, kuma Ungozoma ta san inda ta nufa. Za ta je ta mayar da ƙaryarta gaskiya ne kafin a gama wayar.

"Tsaya!"

Ihun ya sa wani mai tsinka a gonar da ke kusa ya leƙo daga cikin ganye. Ƙarar silifas ta ɗauke.

"Tsaya inda kike. Ina hannunki?"

"Mama, ni fa na..."

"Ba faɗa zan yi ba. 'Yata, ina hannunki?"

Tun da aka kawo Amarya gidan ba ta taɓa jin wannan sunan daga bakin nan ba.

"Yana kusa da shi," in ji Amarya. "Ki yi haƙuri, Mama. Wallahi na tashi da shi a raina, sai ƙaramin ya zubar da shayi a kayan makaranta, sai na..."

"Mayar da hannun bayanki. Kin mayar? Duka biyun. Yanzu duba ki gaya min, yana nan?"

"Yana nan. Ya fito. Ganye biyu ne, ƙanana kamar farcen jariri."

Ungozoma ta zame ta zauna a kan dakalin tankin, ba ta damu da laka ba. Ta yi hamdala a hankali. Hawaye ya zo, ta bar shi ya zo, ba wanda ya san ta a garin nan balle ta ji nauyi.

"Mama? Kina ji na? In cire yanzu?"

"In kika cire shi, ni da ke ne har gaban Allah. Ɗauko kwandon wanki ki kifa a kan kututturen, ki ɗora dutse. Ki gaya wa yara duk wanda ya je kusurwar nan zai gamu da ni. Mijinki kuma ki ce na ce ya sallami leburorinsa, zarto kawai nake so, shi ma sai na dawo."

"To, Mama. Shi tohon me zan riƙa yi masa?"

"Abin da kika yi masa yau. Ki manta da shi."

Da ta sauko, Mai Reno ya karanta a fuskarta, bai tambaya ba. Ya matsa mata a benci, ya shiga yi mata bayani dalla-dalla. Dogon mai ƙayar nan, wanda take alfahari da shi, shi ne zai tafi. Amma ba a lokaci ɗaya ba, kada saiwa ta firgita. A rage masa kai yanzu, in tohon ya kai tsawon hannu a sare sauran daga tushe. A kafa wa tohon sanda a ɗaure shi sako-sako, a kare shi daga rana mai zafi da awaki da masu son taimako.

"Zai rayu?"

"Ban sani ba. Na ga wanda ya fi wannan wahala ya rayu, na ga wanda bai kai shi ba ya bushe. Ke ma ai kin san irin amsar nan."

Ta sani. Ta sha ba da ita.

"In ya rayu, yaushe zai yi 'ya'ya?"

"Shekara uku. Da rabo, biyu da rabi."

Ta yi lissafin shekarunta da na hawan jininta, ta bar lissafin a cikinta. Marigayin ma uku ya jira, bai kuma taɓa cewa sun yi yawa ba.

"Ina da roƙo," in ji Mai Reno, yana goge wuƙarsa a tsumma ba tare da ya dube ta ba. "In ya kai kaurin fensir, ki yanko min tsinke ɗaya mai ido uku ko huɗu, ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ba direba. Ba don sayarwa ba. Ina so in sake ganinsa a garin nan."

"Ni zan kawo da kaina," ta ce. "Direba zai zauna a kai."

Mai babur ɗin da ya kawo ta yana bakin rumfa yana danna hon, yana cewa motar ƙarshe ta kusa cika. Ta ɗaga masa hannu ya jira. Ta jawo dashen nan mai gwiwa gabanta, ta tattare zaninta, ta sauka daga bencin ta tsuguna a ƙasa sosai, kamar yadda ta saba ganin wani yana yi. Akwai toho biyu a jikinsa, ɗaya sama da kumburin, ɗaya ƙasa. Ta san amsar, an gaya mata yanzu-yanzu. Duk da haka ta tsayar da yatsanta a iska, bai taɓa ko ɗaya ba, ta ɗaga kai ta dubi dattijon.

"Malam, sake nuna min," ta ce. "Wannan ne, ko wannan?"